Ɗari Bisa Ɗari

Malama Hureira ta sake ƙirga ambulan ɗin a karo na uku, tana lasar yatsa tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a kan tsohon akwatin sabulun da ya zame mata tebur. Goma sha uku ne, yadda suke jiya da shekaranjiya. Cikin kowace akwai hoton ɗalibi, da takardar haihuwarsa, da shaidar ya kai aji huɗu na sakandare, abin da mutanen birnin Bangi ke kira dosiye. Yau ce ranar ƙarshe ta miƙa su a ofishin jarrabawa da ke cikin gari, kuma an ce ƙarfe goma sha biyu za a rufe taga, don tun da sojoji suka fara bore babu ma'aikacin gwamnatin da ke yarda azahar ta same shi a kujerarsa.

Ta zare guda daga ciki ta ajiye gefe. Ta dube ta, ta mayar. Can kuma ta sake zarewa. Ta Rahmatu ce.

Shekara goma sha ɗaya Hureira ta yi tana koyar da lissafi a makarantar Direkta Mahaman, wadda ke bayan kasuwar Kilomita Biyar. Makarantar tana da sunanta na Faransanci, amma ba mai kiran ta da shi. Ɗari-bisa-ɗari kowa ke cewa, saboda allon da ke bakin ƙofarta, wanda ake sabunta wa fenti duk shekara bayan fitowar sakamako: ɗalibai kaza suka zauna, kaza suka ci, ba wanda ya faɗi. Iyaye kuwa ba su ga abin mamaki ba. A makarantar gwamnati ta unguwar yara ɗari da arba'in ne a aji guda, wanda yake son zama sai ya ɗauko kujera daga gidan uwarsa, malamai kuma rabin shekara suna yajin aiki. Shekara biyu a jere ta tashi a banza a can, ba karatu ba jarrabawa. A wurin Mahaman yara talatin ne a aji, ga benci, ga katanga mai kwalabe a kai, ga maigadi da dorina. Sai mutane suka ɗauka katangar da bencin ne ke cin jarrabawa.

To, suna taimakawa, ba a ce ba sa yi ba. Amma ainihin maganin a aljihun Direkta yake. Duk shekara, saura wata uku a rufe rajistar jarrabawar ƙasa, sai ya shirya tasa ta gwaji. Wanda ya gaza, a kira shi ofis, a miƙa masa ambulan ɗinsa, a ce ya je ya yi rajista da sunan kansa, makaranta ba za ta gabatar da shi ba. In ya ci, tsohon ɗalibinmu ne. In ya faɗi, ba a san shi ba. Yawancinsu ma ba sa kai wa ga ofishin jarrabawar, daga nan kasuwa take ɗauke su.

Gaskiya ɗaya ce, Hureira ta san wannan tun shekararta ta biyu, ta yi gum. Da can biyu ake cirewa, ko uku. Bana da harbe-harbe suka rufe makarantu wata da watanni, sai Direkta ya cire goma sha uku a rana ɗaya. Ranar taron iyaye ta miƙe a gaban kowa ta faɗi yadda ake samun ɗari bisa ɗari. Ta zaci wurin zai kama da wuta. Ina! Mahaman bai ko ɗaga murya ba. Ya bari ta gama, ya gyara gilashinsa, ya ce wa iyaye su yi mata uzuri, mace ce wadda Allah bai ba haihuwa ba, duk ɗan da ta gani a bakin hanya sai ta ji kamar ta goya shi. Ya juyo gare ta yana murmushi.

"Malama, in sun ba ki tausayi ki kwashe su. Kaza ma tana jan 'ya'yan agwagwa, sai dai ba ta koya musu iyo."

Aka yi dariya. Ba kowa ya yi ba, amma ta ga waɗanda suka yi, kuma har yau tana iya lissafa su da suna. Kafin a tashi taron maigadi ya fito da akwatin allinta da takalmin da take sawa a aji ya ajiye mata a bakin titi, inda masu tura amalanke ke zama. A nan, a tsaye, takalmi a hannu, ta rantse da Allah a gaban iyayen da ke fitowa cewa yaran nan goma sha uku sai sun ci jarrabawa dukansu, kuma sai ta rubuta sunayensu da jan fenti a katangar da ke kallon ƙofar Mahaman, yadda duk safiya zai karanta kafin ya shiga ofis. Mai katangar, wani dillalin fata da Mahaman ya taɓa korar masa ɗa, ya ce ta rubuta har da hotuna in ta so.

Tun daga ranar take koyar da su a nan, a sito na yayanta da aka wawushe a boren farko, wanda ba a bar masa komai ba sai rufi da warin busasshen kifi. Allo kuwa murfin tanki ne da ta shafa wa baƙin fenti. Ta koyar da lissafi da kimiyya, ta lallaɓo wani malamin gwamnati mai yajin aiki yana zuwa koyar da Faransanci da tarihi. Ranar da ake harbi a kwanta a ƙasa a ci gaba da bita da baki. Ba tausayi ke tafiyar da ita ba, ita ma ta sani, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Fuskar Mahaman take gani a kan murfin tankin duk lokacin da ta ɗaga alli. Sai ga shi yaran da aka ce ƙwaƙwalwarsu ta toshe sun buɗe, domin a karo na farko an sami wanda ya tsaya a kan kowannensu har ya gane. Goma sha biyu sun haye gwajin da ta yi musu makon jiya, wasu ma da rata.

Rahmatu ta sami shida cikin ashirin. Wancan karon biyar da rabi ta samu.

Ba ragguwa ba ce, da ma a ce ragguwar ce da abin ya zo da sauƙi. Tun kafin gari ya waye take tsaye a kan kaskon uwarta Talatu suna suyar makala, ƙosan fulawar nan da rabin unguwa ke karyawa da shi, sannan ta zo aji da warin mai a jikinta ta zauna a gaba. Rubutunta kamar na injin buga takarda. Amma makarantar gwamnati ta cinye mata shekara biyu kafin uwarta ta tattara abin da take da shi ta mayar da ita wurin Mahaman, kuma ramin da shekarun nan suka bari ya ƙi cika. In ka koya mata abu yau ta riƙe, gobe ka canza masa riga sai ta kasa gane shi. Shekarunta goma sha tara. An ce wanda ya haura haka baɗi ba za a karɓi dosiyensa ba, don haka bana ce kaɗai ta rage mata.

Hureira tana riƙe da ambulan ɗin sai ga mai ita a bakin ƙofa, ta yi sallama. Ta kawo makala guda shida a ƙunshe cikin takardar siminti, ta ce Innarta ce ta ce a ba Malama ta ci a hanya. Hausarta rabi ce, rabi Sango, yaren mutanen ƙasar, kamar yawancin 'yan zamaninta. Ta ce jiya ta sake yin lissafin nan na kusurwa uku har sau huɗu, na ƙarshen ya fita daidai. Ta yi wa Malama addu'ar Allah ya tsare hanya. Hureira ta ce amin ba tare da ta dube ta ba, ta cusa ambulan ɗin cikin 'yan'uwanta, ta zuba su duka a jaka.

Hanyar tashar tasi ta ƙofar Ɗari-bisa-ɗari ta bi. Tana iya zagayawa ta bayan masallaci, amma ba ta taɓa yi ba, da gangan take bi kullum don cikinta ya ƙara zafi. 'Yan mata masu shuɗin yunifom suna shiga a jere. Wasu da ta koyar suka sunkuyar da kai kamar ba su gan ta ba. Ta dubi allon, ta juya ta dubi katangar dillalin fata, fara tas, an ma yi mata sabon farin ƙasa saboda ita.

Su shida aka cusa a tasin. Direban ya ce titin Boganda kawai zai bi, kuma in ya ji ƙarar bindiga zai juya, kowa ya san inda dare ya yi masa. Wata mata mai kwandon ganyen rogo tana ba da labarin yadda aka kwashe benci da ƙofofin makarantar 'ya'yanta aka yi itacen girki da su, har ta gane bencin ɗanta a murhun maƙwabciyarta saboda sunansa da ya sassaƙa a jiki. Aka yi ta salati ana dariya. Hureira kuwa lissafi take yi, sana'arta ke nan.

Goma sha biyu cikin goma sha uku, kashi casa'in da biyu ne da ɗigo uku cikin ɗari. A ko'ina a ƙasar nan bana, wanda ya fitar da haka daga sito mai warin kifi sai a buga masa ganga. Amma ba haka ta rantse ba. Dukansu ta ce. A zuci ta ga katangar da sunaye goma sha biyu, ta ga Mahaman ya fito daga farar motarsa ya tsaya yana ƙirgawa da yatsa a gaban masu amalanke, ya kai ƙarshe, ya waiga ya tambaya a hankali ina ta goma sha ukun. Ba sai ya ƙara komai ba. Unguwa za ta ce ai ga shi, ko ita da ta cika baki akwai wadda ta gagare ta, ashe Direkta ya san abin da yake yi. Goma sha biyu cikin goma sha biyu kuwa, ko yaron aji ɗaya ya san nawa ne.

A shingen sojojin ƙasashen Afirka da aka kawo raba faɗa aka sauke su duka. Wani dogon soja ya buɗe jakarta, ya zaro ambulan guda, ya dubi hoton da ke ciki, ya tambaye ta da gurɓataccen Faransanci ko duk 'ya'yanta ne. Ta ce ɗalibanta ne. Ya jinjina kai, ya ce a garin da ake harbi har da masu jarrabawa, ya mayar mata da hannu biyu. Da suka koma mota ba ta rufe jakar ba. Ta lalubo ta Rahmatu a ƙasa, ta zura yatsu biyu ciki ba tare da ta fito da ita ba, ta kama takardar haihuwar ta ja. Takardar ta ɗan yi gardama a wurin da aka maƙala ta, sannan ta saki. Ta ninke ta huɗu ta tura a ƙaramin aljihun da take ajiye katin shaidarta.

Ba ita za ta hana yarinyar ba, haka ta gaya wa kanta. Ma'aikacin ofis ne zai mayar da dosiyen, kuma kowa a Kilomita Biyar ya san ambulan mai sunan Musulmi sai an juya ta gaba da baya ana neman abin da ya rage a ciki. Ba wanda zai yi mamaki. Ballantana yarinyar faɗuwa za ta yi ko ta zauna, me ya fi a raba ta da kunyar a karanta sakamako ba sunanta? Hujjoji kam ta jera su tsaf, ɗaya na bin ɗaya. Makalar da ke kan cinyarta ce kawai ta kasa ci, ta miƙa wa mai ganyen rogo duka shidan.

Ofishin jarrabawa tsohon gini ne mai dogon baranda, gilasan tagoginsa duk sun farfashe tun bara. Taga ɗaya ce a buɗe, layi ya kai har gindin mangwaro. Shugabannin makarantu da tarin ambulan a hammata, iyaye da guda ɗaya a hannu, kowa na duba agogo. Ta yi awa biyu a tsaye. Saura mutum uku ta kai taga ta ji ƙamshin turaren da ta shaƙa shekara goma sha ɗaya, tun kafin ta ji muryar. Direkta Mahaman ne, cikin rigar safari ruwan toka, da ambulan arba'in da ɗaya a ɗaure da jan zare. Wani da ya san shi ya ba shi wuri, wurin kuma ya faɗo daidai bayanta. Ya gaishe ta da fara'a, ya tambayi yayanta, ya tambayi yara. Ta amsa da kalma ɗaiɗai, tana kallon ƙeyar wanda ke gabanta.

Ma'aikacin tagar dattijo ne mai gilashi ɗaure da zare. Yana buɗe ambulan ya leƙa ya buga hatimi ya yago rasit, yana ƙirgawa da ƙarfi da Sango. Ta ɗaya, ta biyu, har ta takwas. A ta tara ya tsaya. Ya zazzage ta a kan tebur, ya juya takardun, ya leƙa cikin ambulan ɗin kamar mai neman ɓera a rami.

"Mbeti ni ayeke da ape," in ji shi, wato takardar ba ta ciki. Ya ce ba takardar haihuwa ba rajista, ya turo mata ambulan ɗin ta ƙarƙashin taga, ya ci gaba da ta goma.

Hureira ta yi abin da ya kamata mai mamaki ya yi. Ta ce ya sake dubawa, ta ce yarinyar marainiya ce, ta ce bana ce damarta ta ƙarshe. Muryarta ma har ta yi rawa, kuma rawar ba ta ƙarya ba ce. Dattijon ya ce shi ba shi ya yi doka ba, in ta kawo kafin sha biyu zai karɓa. Ya miƙo mata rasit goma sha biyu. Daga can gabas, wajen barikin soja, aka ji ƙara guda mai nauyi, sannan wasu ƙanana suka biyo baya. Layin ya fara motsi kamar garken da ya ji ƙamshin kura.

Ta koma gefen baranda tana jera rasit ɗin. Ba a jima ba Mahaman ya gama nasa ya zo ya tsaya kusa da ita, kusa sosai, yadda ba mai jin su. Ya nemi ta ba shi ambulan ɗin da aka mayar ya gani. Kafin ta yi tunanin hanawa ya zare ta daga hannunta, ya fito da takardun, ya kai kusurwarsu kusa da gilashinsa.

"Malama, da hannuna na maƙala wa yarinyar nan takardarta ranar da na sallame ta. Ni ba na sallamar yaro da dosiye mai giɓi. Dubi nan, ga guntun takardar a jikin ƙarfen da na maƙala ta da shi. Sabuwar yaga ce."

Ta ce ba ta san abin da yake faɗa ba.

Bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Kallon da ya yi mata irin na babban wa ne da ya ga ƙanwarsa ta fara iya sana'ar gidansu. Ya mayar da takardun a nitse, ya miƙa mata.

"Kada ki ji kunya. Ni ma shekarata ta farko ɗaya na cire. Wani yaro ne ɗan unguwar Miskin, har yau ina tuna sunansa. Na biyun ne ba ya da wuya." Ya dubi agogonsa. "Saura minti tara. In tana cikin jakarki ki fito da ita ki kai. Zan juya baya in kina so."

Jakar tana rataye a kafaɗarta, aljihun yana daidai ƙarƙashin gwiwar hannunta. Taku biyar ne zuwa taga, mutum biyu kawai suka rage a layi, sauran sun gudu. Ba abin da ya tsaya tsakanin Rahmatu da ɗakin jarrabawa sai ta buɗe zif a gaban mutumin nan. Ta ga yadda zai juya bayan nasa, ta ga kafaɗunsa, ta ga yadda gobe zai ba da labarin a ɗakin malamai yana gyara gilashi, yana cewa a yi mata uzuri. Ta tsane shi a lokacin fiye da ranar takalmi, tsana irin wadda ke sa mutum ya ƙona rumbunsa don kada maƙiyi ya ce shi ya nuna masa inda wuta take.

"Direkta," ta ce, "wanda ya saba sata shi yake ganin kowa ɓarawo. Allah ya kai mu ranar sakamako."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce amin, ya sauka ya nufi motarsa. Har ya buɗe ƙofa ya waigo ya ce ta zo ya rage mata hanya, tasi ba za ta samu ba. Ta yi kamar ba da ita yake ba. Tana nan tsaye motar ta fita daga harabar, ya rage ita kaɗai, kuma dattijon bai rufe ba tukuna, yana tattara hatiminsa. Ta kai hannu kan zif ɗin. Sai ta tuna motar Mahaman tana da madubi, kuma bai kai kwana ba. Ta jira ya kai kwanar. Yana shan ta, katakon tagar ya faɗo, aka ja sakata ta ciki.

Ta buga. Ta buga da tafin hannu har ya yi ja. Dattijon ya amsa daga ciki cewa shi ma yana da 'ya'ya a gida, ta ji fitarsa ta ƙofar baya.

Da ƙafa ta koma, kilomita biyar ɗin nan cif da aka sa wa unguwar suna da su. Shaguna a rufe, titi ba kowa sai karnuka da motar soja jefi-jefi. Harbin bai matso ba, ya yi ta yi can nesa har ya gaji. Ta wuce gadar Yakite ana kiran azahar, ƙafafunta sun kumbura, kuma a duk tsawon tafiyar ba ta shirya abin da za ta faɗa ba.

Sito a cike ta tarar da shi. Yaran duka suna nan, da iyaye mata bakwai ko takwas da suka ji harbi suka kasa zama a gida. Da ta shigo aka yi ta hamdala, wata ta kawo mata ruwa, wata ta cire mata takalmi. Ta zauna a kan akwatin sabulu ta fara kiran suna tana miƙa rasit. Kowa ya karɓi nasa da hannu biyu yana juya shi kamar zai ga sakamako a bayansa. Ta kira goma sha biyu, hannunta ya zama wayam. Rahmatu tana tsaye a gaba, inda ta saba zama.

Hureira ta fito da ambulan ɗin ta ɗora a cinya. Ta ce an mayar da ita, an ce babu takardar haihuwa a ciki, ta roƙa har ta gaji, an rufe taga.

Talatu, uwar Rahmatu, ta ratso mata ta karɓi ambulan ɗin. Ba ta iya karatu ba, amma ta san takardar, ita ta yi sati uku tana zarya kafin a ba ta ita, ta san launinta da hatiminta. Ta juya abin da ke ciki sau biyu. Ta ce ita da kanta ta kai wa Direkta takardar shekara biyu da suka wuce, a hannunsa ta sa, kuma tun da ya sallami yarinyar ba wanda ya buɗe ambulan ɗin a gidanta, a ƙarƙashin katifa take har ranar da aka kawo wa Malama. Wata daga baya ta ce ai ba abin mamaki ba ne, ya san Malama ta rantse, dole ya nemi inda zai karya ta. Wata ta ce an ga motarsa ta nufi gari da safe. Magana ta fara tafasa, kowa na ƙara mata itace. Talatu ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da ta Hureira.

"Malama, ke kika zauna da mutumin nan, kin fi mu sanin sa. Tsakaninki da Allah, shi ne?"

Jakar tana kan cinyar Hureira, hannunta biyu a kai. Ta san in Mahaman ya faɗi abin da ya gani, duk unguwar nan ba mai yarda da shi, ko da ya dafa Alƙur'ani. Ta san kuma abin da mata takwas masu zafin rai za su iya yi wa sunan makaranta kafin magariba, abin da jan fenti ba zai yi a shekara ba.

"Yaya Talatu," ta ce, "daga ofishinsa ambulan ɗin ta fito."

Talatu ta miƙe. Ta kwance zanenta ta sake ɗaurawa tamau, ta yafa mayafi, ta fita. Matan suka bi ta, yaran suka bi matan. Ba a daɗe ba aka fara jin su daga ƙarshen layi, ana dukan ƙofar ƙarfe da dutse, muryar Talatu a sama da ta kowa tana kiran sunan Mahaman tana ja masa Allah ya isa, mutanen kasuwa suna fitowa suna tambayar me ya faru ana ba su labari. Wata uku Hureira ta yi tana jiran ta ji wannan ƙarar, kuma ta yi mata daɗi, ba za ta ce ba ta yi ba.

Rahmatu ce kaɗai ba ta bi su ba. Ta tsince takardunta da uwarta ta watsar a ƙasa, ta kaɗe musu ƙura, ta mayar cikin ambulan ta rufe. Ba ta yi kuka ba. Ta zo gaban akwatin sabulun ta durƙusa, ta dubi kumburarrun ƙafafun malamarta.

"Ki yafe mini, Malama. Wata uku kina wahala a kaina, yau har kin shiga harbi saboda ni, ga shi duk ya tashi a banza."

Hureira ta dubi tsakar kan yarinyar. A waje dukan ƙofar ya ƙara ƙarfi.

"Na yafe miki," ta ce.